Kada a Biya Kuɗin Darasin da Makaho Ba Zai Ji Ba, Kurma Ba Zai Gani Ba

Malam Aliyu Namangi na Zariya ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, amma hakan bai hana shi tsara Waƙoƙin Imfiraji ba, waɗanda har gobe ake nazarinsu a kwalejoji da jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta karrama shi da digirin girmamawa. Sai dai ɗalibi makaho da ke karanta Hausa a yau, idan malaminsa ya tura wa 'yan aji littafin nan ta WhatsApp, da wuya ya iya karanta ko baiti guda. Galibin abin da ake turawa hotunan shafuka ne da wani ya ɗauka da waya, ya harhaɗa su ya mai da su PDF. Mai ido yana ganin haruffa ɓaro-ɓaro. Ita kuwa manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar waya hoto kawai take tararwa, sai ta yi gum, ko ta ce masa akwai hoto a nan ta wuce. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin tsamo rubutu daga hoto, amma shafin da aka ɗauka a karkace, da inuwar yatsa a gefe, ga haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ, yakan fito musu a dagule. Haka aikin makaho ya fi ƙarfin makaho ɗan'uwansa, saboda sakacin da ba wanda ya ma lura an yi shi.

A nan matsalar take, kuma a nan ya kamata gwamnatoci su sa ido yanzu da ilimi ke ƙaura daga takarda zuwa kwamfuta da waya.

Kayan aikin da mai buƙata ta musamman zai yi karatu da su sun daɗe da samuwa, wasunsu ma kyauta ake ba da su. A shekarar 2006 wani matashi makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara rubuta manhajar NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Manhajar tana karanta duk rubutun da ke fuskar kwamfuta da murya, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a sauke ta. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma tana ɗauke da VoiceOver tun 2009. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai ɗigogin da ke tasowa suna komawa, wadda ke juya rubutun kwamfuta zuwa rubutun makafi, wannan da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa a 1824, ɗalibi ya bi da yatsa layi bayan layi. Duk wanda ya taɓa ganin littafin makafi na takarda ya san nauyinsa: littafin da mai ido zai soka a jaka, nasu yakan zama kundi-kundi da ke cika kanta. Saboda haka babu wanda ya kamata ya fi makaho murna da zuwan littafin kwamfuta, don kuwa ɗakin karatu sukutum zai iya shiga aljihunsa.

Amma dukkan waɗannan na'urori abin da aka ba su suke iya karantawa. Idan marubucin darasi ya sa zanen zuciyar ɗan'adam bai rubuta bayanin abin da ke cikin zanen a bayansa ba, makaho zai wuce wurin bai san an nuna komai ba. Idan an liƙa tambayar lissafi a matsayin hoto, ta ɓace masa ke nan. Idan tambayar gwaji ta ce a ja kalma da linzamin kwamfuta a ajiye ta cikin akwatin da ya dace, an fitar da makaho, an kuma fitar da yaron da hannunsa ke karkarwa, wanda da maɓallan kibod kaɗai yake iya aiki. Yaro zabiya, wanda yawanci ganinsa ke da rauni, bukatarsa ba ta wuce ya iya ƙara girman haruffa ba tare da layin ya gudu daga fuskar waya ba, kuma kada a rubuta masa da launin toka-toka a kan fari. Waɗannan ba sababbin dabaru ba ne. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da jagorar da ake kira WCAG tun 1999, ta sabunta ta a 2008 da 2018 da 2023, kuma kowa na iya karanta ta kyauta.

Annobar korona ta nuna wa Arewa yadda abin yake. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, kuma sun cancanci yabo a kan hakan. To amma darasin rediyo bai da amfani ga kurma ko kaɗan, malamin talabijin kuwa da ke nuna allo da tsinke yana cewa “ku dubi wannan, ku haɗa shi da wancan” ya bar makaho a baya tun daga jimlar farko. Wancan lokaci ne na gaggawa, ana iya yi wa kowa uzuri. Yanzu kuwa a natse ake tsara komai. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport mai ɗauke da dubban darussa, har da na Hausa. Hukumar UBEC ta gina makarantun zamani masu aiki da kwamfuta a jihohi. Hukumar JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta fara gwadawa da masu zana jarrabawa daga waje a 2024, Ministan Ilimi Tunji Alausa kuma ya bayyana aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Duk abin da aka gina a wannan tsakanin, da shi yara za su yi karatu shekara da shekaru.

Labarin JAMB ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana da abin koyi, yana kuma da abin tsoro. A 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don kula da makafi da sauran masu buƙata ta musamman. Ana tara su a wasu cibiyoyi da aka keɓe, Kano na cikinsu, hukumar ta ɗauki nauyin masauki da abinci, a karanta musu tambayoyi su amsa da kayan rubutun da suka saba da su. Wannan aiki ya buɗe wa matasa da dama ƙofar jami'a, kuma babu mai adalcin da zai raina shi. Abin tsoron yana cikin adadi. Cikin kusan mutum miliyan biyu da ke zana jarrabawar a shekara, makafin da ke zuwa waɗannan cibiyoyi ɗaruruwa ne kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato ɗaya cikin shida na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Ko da makafi ɗan ɓangare ne na wannan jimilla, ɗaruruwa cikin miliyan biyu na nufin yawancin yaran sun zube tun a firamare da sakandare, tun kafin su ji ƙamshin fom ɗin JAMB.

Kuma tsarin da ya yi wa 'yan ɗaruruwa aiki na kwana biyu a shekara ba zai ɗauki karatun yau da kullum ba. Ba za a ajiye wa kowane yaro makaho mai karanta masa littafi daga Litinin zuwa Juma'a ba. Wanda ya dogara da aboki ya karanta masa kuwa sai lokacin da abokin ya ga dama, kuma ba zai iya tashi da asuba ya maimaita darasi shi kaɗai ba kamar yadda sauran 'yan ajinsu ke yi.

Ta fuskar doka Nijeriya ba ta da uzuri. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna musu wariya, wadda ta tanadi karatu kyauta har zuwa sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, ta kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar don gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. A da masu buga littattafai kan fake da haƙƙin mallaka su hana a juya littafinsu zuwa rubutun makafi ko murya. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Marrakesh na Maroko a 2013 ta zo ne don warware wannan, Nijeriya ta shige ta a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023 kuma ta halatta a yi wa makafi kwafi irin wanda za su iya karantawa ba tare da jiran izinin mai littafi ba. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kokawa cewa littattafan da makafi ke iya samu ba su kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ba, a ƙasashe matalauta ma abin ya fi haka muni ƙwarai. Doka ta buɗe hanya. Abin takaici shi ne idan aka ambaci dokar naƙasassu ta 2019, hankalin jami'ai kan tafi ga gangaren siminti a bakin ƙofar ofis don masu keken guragu, alhali darasin da ke cikin kwamfutar ajin shi ma yana da ƙofar da ake iya rufewa.

Sha'anin kurame ya fi wuyar sha'ani, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane kan ɗauka da zarar an sa rubutu a ƙasan bidiyo an gama da kurma. Rubutun yana da amfani, musamman ga wanda ya kurumce bayan ya iya magana. Amma yaron da aka haifa kurma harshensa na farko na hannu ne, Turanci ko Hausar da ke rubuce harshe na biyu ne da bai taɓa jin sautinsa ba. Ɗan aji biyu da bai gama iya karatu ba, me rubutu mai gudu a ƙasan bidiyo zai tsinana masa? Mai fassara da hannu yake buƙata, kuma a nuna shi da girma, ba a matse shi a lungun hoto kamar kan sarki ba. Sannan akwai tambayar wane harshen hannu. Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, kuma alamun Amurka da ya zo da su su ne tushen abin da ake koyarwa a makarantun kurame na ƙasar nan. Alhali kuraman ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu ta gado, wadda Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano ta wallafa littafi a 2000. Yaron da ya taso da maganar hannu a gida ya tarar da wasu alamu daban a makaranta, shi ne zai faɗi abin da ya fi fahimta, shi da malamansa kurame, ba ɗan kwangilar da ke zaune a Abuja ko Legas ba. A Kenya kamfanin eKitabu ya shirya labaran yara da harshen hannu na ƙasar aka riƙa nunawa a talabijin lokacin korona, kuma kurame na cikin waɗanda suka yi aikin. Babu abin da zai hana a yi irinsa da ɗalibai kurame na makarantar Tudun Maliki a Kano.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da masu karatu da Hausa. Yawancin wayoyi da kwamfutoci ba sa zuwa da muryar Hausa, don haka manhajar makafi kan karanta Hausa da lafazin Turanci, abin ya fito kamar gwaranci, sai wanda ya saba ne ke iya tsintar ma'ana. Tsofaffin littattafan Hausa da aka buga da kwamfuta kuma da yawansu an yi su ne da wasu haruffa na musamman da aka ɗora a kan wasu maɓallai, ta yadda inda ido ke ganin ƙ, na'ura wata alama dabam take gani. Gyaran wannan na biyun ba wuya, tunda haruffan Hausa duka suna cikin tsarin Unicode, sai dai a wajabta wa masu buga littafi amfani da shi. Muryar Hausa mai kyau kuwa aiki ne da ya dace da sassan Hausa da na kwamfuta a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, kuma idan aka yi ta sau ɗaya aka sake ta kyauta, makaho a Katsina da na Damagaram da na Zangon Kumasi duk za su amfana, har ma da dattijon da idonsa ya yi rauni da wanda bai yi boko ba.

Wani zai ce a ƙasar da yara ke zama a ƙasa, rufin aji na yoyo, ga miliyoyi ba sa zuwa makaranta sam, wannan magana ta masu ƙoshi ce. Ƙorafin yana da tushe, ba a kuma raina shi ba. Amma ba ana cewa a ɗebi kuɗin kujeru a sayi kwamfuta ba ne. Kuɗin darussan zamani an riga an ware su, ana kuma kashe su. Maganar ita ce yadda za a kashe su. Rubuta bayanin hoto a lokacin da ake shirya darasi aikin 'yan mintoci ne. Ajiye littafi a matsayin rubutu maimakon hoto ba ya cin ko sisi, don kowane littafi a kwamfuta aka fara buga shi kafin ya je maɗaba'a. Tsadar tana zuwa ne idan an gama, an biya, an raba, sannan a dawo a ce wata makarantar makafi ta zauna ta sake buga littafin daga farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fassara da hannu ce kaɗai ke da ɗan nauyi, ita ma idan aka ɗauke ta sau ɗaya ta wadatar da dukkan makarantun da ke amfani da alamu iri ɗaya.

A tsarin rabon kuɗin UBEC da aka daɗe ana bi, kashi 2 cikin 100 ake ware wa ilimin masu buƙata ta musamman, kayan koyarwa kuma kashi 15. Kuskure ne babba a ɗora wa wannan ɗan kashi 2 nauyin gyara abin da aka saya da kashi 15. Littafin da aka saya da kuɗin kowa ya kamata ya zo da siffar da kowa zai karanta, a bar kashi 2 ga abin da ya keɓanta da su, kamar na'urar rubutun makafi da na'urar ƙara ji.

Wasu ƙasashe ta hanyar ciniki suka bi, kuma ita ce hanyar da ta fi ci. A Amurka dokar ilimin naƙasassu ta 2004 ta kafa wata ma'ajiya a birnin Louisville, inda masu buga littattafan makaranta ke ajiye ainihin fayil ɗin littafi a bisa sharaɗin da jihohi ke sawa cikin takardar saye, daga nan a juya shi zuwa rubutun makafi ko manyan haruffa ko murya. A Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'ar ƙasar ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi, har da makarantun gwamnati, bin jagorar WCAG a shafukansu da manhajojinsu. A Tarayyar Turai wata doka makamanciyar wannan da ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025 ta haɗa har da littattafan kwamfuta da ake sayarwa ta intanet. Ba wai 'yan kasuwar can sun fi na nan tausayi ba ne. An nuna musu cewa kayan da bai cika sharaɗi ba ba shi da kasuwa, sai suka gyara.

Nijeriya na da wuraren da za ta ɗaura irin wannan igiya. Hukumar NERDC da ke tantance littattafan makaranta tana iya ƙin amincewa da duk littafin da bai zo da fayil mai karantuwa ba. UBEC da hukumomin SUBEB na jihohi suna iya rubuta sharaɗin a kowace kwangilar darussan kwamfuta. Sannan, kuma wannan ya fi komai muhimmanci, kada injiniya mai ido da kunne ya zama shi ne mai ba da shaidar cewa an cika sharaɗi. A ɗauko malamai makafi da kurame, a biya su ladan aikinsu, a ba su manhajar su gwada. Ba a rasa su ba. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tana yaye ɗalibai tun daga shekarun 1950, Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo tana horar da malamai tun 1977, Jami'ar Bayero da ta Jos suna da sassan ilimi na musamman. Rabin sa'a makaho zai yi da NVDA ya gano abin da kwamiti zai yi wata bai gano ba.

Malamin aji ma yana da nasa kason, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Ya tura wa ɗalibai ainihin rubutun da ya buga maimakon hotonsa. Idan yana ɗaukar darasi a bidiyo ya faɗi abin da yake rubutawa a allo da baki, ya bar “wannan” da “wancan”. Ya fuskanci kyamara yayin magana saboda masu karanta leɓe. Kwalejojin ilimi za su iya koyar da wannan cikin mako guda.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa naƙasassu jama'a ne masu shugabanci, shi ya sa ake da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu a garuruwa. Su da ƙungiyoyin makafi da na kurame da iyayen yara ya kamata su je ofishin kwamishinan ilimi da na shugaban SUBEB na jiharsu da tambaya guda: darussan kwamfutar da kuka saya bana, wane makaho ne ya gwada su, wane kurma ne ya kalle su kafin ku sa hannu a biya? Idan babu amsa, su nemi a dakatar da biyan sauran kuɗin har sai an gyara.